Ɗana, Hannunka Ya Riga Ya Ba Ka Amsa

Ɗana,

Jiya da yamma muna tattara kayan aiki ka tsayar da ni ka ce, "Maigida, shekarata biyu a nan, har yau in na haɗa kabad sai an kwance an sake. Wanda na riga zuwa ma ya wuce ni. Anya ina da baiwar kafinta kuwa, ko in nemi wata sana'ar tun da sauran lokaci?" Na ce ka ba ni zuwa gobe, don ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce. Da ita na kwana a raina.

Ba zan ɓoye maka ba, haɗi bai zauna maka ba tukuna. Kana aunawa da tef, ka ja layi, sai ka ɗora zarto a kan layin maimakon gefensa, ka manta bakin zarton inji shi kansa yana cin kusan milimita 3. Yanka huɗu ka yi asarar fiye da santimita guda, ita kuwa durowa ko ta shiga ko ta ƙi. Wannan kai ma ka sani, shi ne yake hana ka sukuni.

Amma akwai abin da na gani wanda kai ba ka ɗauke shi a bakin komai ba. Ka tuna teburin madacin nan da muka gama watan jiya? Na duba shi na ce a shafa masa banis. Kai kuwa sai ka ja shi zuwa bakin ƙofa inda haske yake shigowa ta gefe, ka durƙusa har kumatunka ya kusa taɓa katakon, ka bi shi da tafin hannu, ka ce akwai inda samfefa ta karce shi a gicciye can wajen kusurwa. Shekarata talatin a aikin nan, idona bai kai wurin ba. Ka koma da mai lamba 120, ka bi da 180, sannan 220, ba ka tsallake ko ɗaya ba. Daga nan ka jiƙa tsumma ka goge, ka jira gashin katakon ya tashi ya bushe, ka sake kwantar da shi a hankali. Wannan na ƙarshen ban taɓa zaunar da kai na koya maka ba. Sau ɗaya ka ga ina yi, ya zauna maka. Awa uku ka yi a kan teburin, sai da aka kira sunanka sau biyu kafin ka ɗaga kai.

Ni haka nake gane baiwa. Ba na duba abin da yaro ya ce yana so, don baki yana so yau ya ƙi gobe. Ina duba inda idonsa yake ganin aibin da ya ɓace wa kowa, inda rana take faɗuwa bai sani ba. Baiwa ba ta hana gajiya; kai ma ranar ka gaji har kafaɗarka ta riƙe. Sai dai gajiyar ba ta sa ka tsani aikin ba, washegari kai ka fara zuwa ka yaye mayafin teburin don ka ga yadda shafar farko ta kwana.

Kuskurenka shi ne ka ɗauka kafinta mutum ɗaya ne. Sana'ar nan babban gida ce mai ɗakuna da yawa. Akwai mai rufin gini, akwai mai ƙofa da taga, da mai kabad, da mai sassaƙa ado, da mai ɗinkin kujera, da mai gogewa da shafi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abokin aikinka da kake auna kanka da shi, kansa yana riƙe lissafi, shi ya sa haɗi yake masa sauƙi. Ka ba shi samfefa ka ga yadda zai ƙosa kafin minti ashirin. Kuma ka sani, mai saye ba ya leƙa cikin gaɓar tebur. Yana shigowa hannu yake kaiwa ya shafa samansa. Abin da tafin hannunsa ya ji shi yake yanke masa shawara.

Na yi irin tambayarka, shi ya sa ta taɓa ni. Wanda na fara koyo a hannunsa mai rufin gini ne, kuma a wurinsa wanda bai iya tafiya a kan katakon rufi ba bai zama kafinta ba. Shekara shida na yi ina hawa ƙafata tana rawa, kullum ana faɗa mini ba ni da zuciyar aiki, har na yarda. Wata rana ruwa ya hana mu hawa, aka miƙo mini wata karyayyar kujera don kada in zauna banza. Na kwance ta, na ga yadda wanda ya yi ta ya feƙe harshen katako ya zura a rami, kaurin harshen kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon, babu ƙusa ko ɗaya. Ban tashi daga wurin ba sai da duhu ya hana ni gani. Har yau ina jin zafin shekaru shidan nan, kuma ba na so ka yi asarar irinsu a hannuna.

Akwai wani kafinta Bajamushe, Michael Thonet, an haife shi a 1796. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne lanƙwasa katako. Tun wajen 1830 yake gwaji, har bashi ya kusa durƙusar da shi kafin ya koma Biyana, babban birnin Austiriya, a 1842. Mu mun san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi kuwa ya nace har ya gano yadda zai tausasa katako da tururi ya lanƙwasa shi a jikin ƙarfe. A 1859 ya fito da kujerar da ake kira Lamba 14: guntun katako 6, sukuru 10, noti 2. Ana kwance guda 36 a zuba a akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, kuma kafin 1930 an sayar da kusan miliyan 50. Ka lissafa daga fara gwajinsa zuwa kujerar nan, kusan shekara talatin ne. Kai biyu ka yi.

To amma kada ka ji na yabe ka ka ce ka huta da awo. A'a. Mai shafi da bai san katako ba ɓarna yake yi. Dole ka san katako yana kumbura yana motsewa ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba, kuma na kayan ɗaki sai damshin cikinsa ya sauko wajen kashi 8 zuwa 12 cikin ɗari. In ka shafa wa ɗanye banis, kyansa na ɗan lokaci ne, yana bushewa zai tsage ya tafi da wahalarka. Dole ka san gam ɗin da ya tsatso a bakin gaɓa, in ba a kankare shi ba, yana hana launi shiga, sai ka ga farin tabo bayan an gama. Wanda bai taɓa haɗi da hannunsa ba bai san inda zai nemi wannan tabon ba. Don haka za ka ci gaba da haɗa kabad, ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu har awon ya zo daidai. Ban ce sai ka fi kowa ba. Ina so ka kai inda ba za a kwance aikinka ba, shi ke nan, sauran ƙarfinka ka zuba shi inda Allah Ya buɗe maka.

Sannan baiwa sai ta ci da mai ita. Duk haɗin launi da ka yi, ka gwada shi a guntun katako, ka rubuta a bayansa abin da ka zuba da yawan shafar da ka yi, ka adana. Ranar da mai saye ya ce "irin wancan nake so" ba za ka tsaya lalube ba. In ka ce kwana biyar, kada ka bari a matsa maka ka miƙa a uku shafi bai bushe ba, don sunanka ne zai manne a rigar mutum. Ka fara karɓar tsofaffin kaya kana farfaɗo da su. Masu haƙurin wannan aikin kaɗan ne, masu nemansu kuwa ba sa ƙarewa. Kuma don Allah ka riƙa sa takunkumi. Ƙurar katako da warin tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, suna cin ƙirji a hankali, ba ka ji sai sun yi nisa. Tsumman da ya sha man shafa katako kada ka dunƙule shi ka jefa a lungu, yana iya kama wuta da kansa. Ka shanya shi a buɗe ko ka tsoma shi a ruwa.

Ka ba ni shekara guda a kan wannan tsarin. In ta cika ka ga ranka bai kwanta ba, ni da kaina zan sa maka albarka in raka ka wurin wanda zai koya maka abin da ya fi dacewa da kai, ba tare da wani ɓacin rai ba.

Gobe da safe akwai tsohon kabad ɗin nan da aka kawo, wanda fenti hawa uku ya rufe masa jiki. Na kankare ɗan wuri a bayansa da cizal, katakon da ke ƙasa mai kyau ne ƙwarai. Na bar maka shi daga farko har ƙarshe, ba zan sa maka hannu ba. Durowarsa ta ƙasa tana cijewa, ita za ka fara gyarawa kafin ka taɓa samfefa.

Allah Ya yi maka albarka.

Maigidanka