Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Itatuwan da Muka Dasa a Unguwa Suke Mutuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu matasa ne a wata unguwa da ke wajen Ƙofar Marusa a birnin Katsina. A daminar bara mun yi karo-karo mun sayo dashe, muka yi gayya muka dasa a bakin titi da gefen makarantar firamare, amma kafin bazara ta fita 'yan kaɗan ne suka rage. Wasunmu har sun karaya. Ina muka kuskure, kuma me ya kamata mu yi bana?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yi muku albarka, ɗana, domin ya tabbata a hadisin Bukhari da Muslim cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, to sadaka ce a gare shi. Abin da ya same ku kuwa shi ne abin da yake samun mafi yawan dashen gayya: ranar dasawa kowa yana nan, amma daga Oktoba zuwa Mayu, lokacin da sama ba ta cika zubar da ruwa ba, itacen ba shi da mai shi. Daminar Katsina ba ta cika wuce wata huɗu ba, kuma ƙaramin dashen da saiwarsa ba ta kai ga laima ba, ba zai ƙetare hunturu da bazara ba sai da hannun mutum.

Saboda haka shawarata ita ce ku rage yawa, ku kuma damƙa kowane itace ga wani takamaiman mutum tun kafin a haƙa rami. Ku je wajen mai unguwa da limami, a tara magidanta da masu shaguna da masu shayi, a tambayi wanda yake son inuwa a ƙofarsa, kuma ya yarda zai zuba bokitin ruwa sau biyu ko uku a mako har rani biyu su wuce. Inda ba a sami wanda ya ɗauka ba, kada a dasa. Na san ruwa yana da tsada a birni, to amma ruwan alwalar masallaci da ke kwarara kwata sau biyar a rana ya isa ya rayar da itatuwa da dama idan aka yi masa 'yar hanya zuwa gindinsu. Mata ma kada a bar su a baya, domin zogalen da aka dasa a tsakar gida shi ne ya fi samun kulawa.

Sai kuma awaki, waɗanda nake kyautata zaton su ne suka cinye rabin wahalarku. Dashen da ba a kewaye shi da bulo ko ƙaya ba, abincinsu ne kawai.

Game da iri, ku dubi abin da ƙasar ta riga ta karɓa. Bedi, wato dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya ne, yana jure fari kuma yana saurin ba da inuwa, sai dai a nisanta shi daga katanga da wayar lantarki. Tsamiya da kurna da aduwa suna da jinkiri, amma suna daɗewa kuma suna ba da 'ya'ya. Mangwaro a bar shi ga gidan da ke da rijiya. Ku dasa a Yuli, bayan damina ta zauna, a ramin da ya kai kamu guda zurfi da faɗi, ku haɗa ƙasar da takin da ya ruɓe sosai, domin ɗanyen taki yana jawo gara, sannan ku cire ledar a hankali ba tare da kun wargaza ƙasar saiwar ba.

Katsina tana cikin jihohi 11 na Arewa da ke ƙarƙashin shirin nan na kafa katangar itatuwa don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, don haka kuna da hujjar zuwa sashen gandun daji da takarda daga ƙungiyarku ku nemi dashe da shawarar ma'aikata. Ku buɗe littafi ku rubuta kowane itace da sunan mai kula da shi, ku zagaya a ƙarshen Mayu ku ƙirga masu rai, waɗanda suka mutu kuma ku maye gurbinsu a daminar da ke tafe.