Ku Tambaya Mu Amsa: An rubuta 4K amma hoton duk dabbare-dabbare

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu ƴan wata fada ne a Garin Malam, mun yi karo-karo mun sayi tele inci 43 sabuwa dal a kwali, an rubuta 4K ɓaro-ɓaro a jikinta. Muka je wajen mai tura fim a kasuwar Dole ya zuba mana fina-finai a kile (wato filashi, USB), ɗaya har sunan shi akwai 4K ULTRA HD, nauyin shi mega 700. Toh da muka sa, wurin da rana take da dama-dama, amma da dare ya yi a cikin fim ɗin sai hoton ya koma dabbare-dabbare kamar tabarmar kaba. Wani cikinmu ya ce tele ɗin jabu ce an cuce mu, wani ya ce fim ɗin ne, shi kuma babbanmu ya rantse tsohon DVD ɗinshi ya fi wannan kyau. Kwana uku kenan muna abu ɗaya har shayi na hucewa. Dan Allah a raba mana gardama.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙannena. Ku bar tele ɗin nan ta huta, da wuya in laifinta ne. Kuma babbanku da kuke ganin tsufa ne ke damun shi, yana iya yiwuwa shi ya fi ku gaskiya.

Hoton tele ɗigo-ɗigo ne ƙanana da ake ce ma fiksel. DVD irin na ƙasashenmu ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye. Wanda ake ce ma 1080p shi ne 1920 da 1080, wajen ɗigo miliyan 2 kenan, shi kuwa 4K na tele 3840 ne da 2160, miliyan 8 da ƴan kai. Toh mutane a nan suke tsayawa, su ga lamba babba su ce shikenan. Amma lambar nan girman ƙwarya kawai take gaya maka, ba ta gaya maka nonon da ke ciki ba. Ka ɗauki ludayi ɗaya na kindirmo ka zuba a babbar ƙwarya ka cika da ruwan randa, ƙwarya dai ta cika, ba wanda zai ce maka ba ta cika ba, amma kai da ka kurɓa ka san abin da ka sha.

Mu yi lissafi a fili. Fim na awa 2 daƙiƙa 7200 ne. In aka raba mega 700 a kansu (mega ɗaya megabit 8 ne), kowace daƙiƙa ba ta samu ko megabit 1 cikakke ba, kuma a ciki har da sauti. Faifan Blu-ray kuwa, wanda ya fito a 2006, yana ɗaukar giga 25 ko 50, hoton kaɗai yana iya kaiwa megabit 40 a daƙiƙa. Na 4K ɗin, da ya zo a 2016, giga 66 ne ko 100. Ko DVD ɗin babbanku giga 4.7 yake ɗauka in mai hawa ɗaya ne, ya ninka fayil ɗinku sau shida da wani abu. Gaskiya ne dabarar matse hoto ta ci gaba, H.265 na yanzu ya fi abin da DVD ke aiki da shi iya tattali nesa ba kusa ba, shi ya sa fim mai giga 2 ko 3 a 1080p yake fitowa tsaf. Amma mega 700 a ce 4K? Haba dai. Suna ne kawai, kuma sunan fayil ko yaro ɗan firamare yana iya canza shi.

Dalilin da ya sa dare ke tona asiri, shi mai matse fim yana zubar da abin da yake ganin ido ba zai lura ba, kuma wuri mai duhu nan yake fara yin rowa. Sai baƙi ya daina gangarowa a hankali, ya koma hawa-hawa da ƴan murabba'ai. Haka in ana gudu, ko ruwan sama, ko hayaƙi, ko taron rawa a fim ɗin Indiya inda mutum ɗari ke motsi lokaci guda. A kan salula ba ka gani saboda fuskarta tafin hannu ce, tele inci 43 kuwa ba ta rufa ma kowa asiri.

Ban ce mai tura fim ya cuce ku da gangan ba fa. Shi ma haka ya sauko da shi, kuma in ya ce zai riƙa sauke masu giga 20 kuɗin intanet kaɗai ya kashe mishi sana'a, ga masu saye suna son fim talatin a kile ɗaya. Abin da za ku yi, ku ce mishi ya nuna maku nauyin fayil kafin ya tura. Fim na awa 2 ku nemi 1080p mai giga 2 zuwa sama. Wanda ya biyo ta WhatsApp a matsayin bidiyo ku bar shi, an ƙara matse shi a hanya, amma turawa ta Xender ko ta waya zuwa kile ba ta rage komai. Sannan in fayil ya wuce giga 4 ya ƙi shiga kile alhali akwai wuri, tsarin ajiyar kile ɗin, wato FAT32, shi ya hana, a mayar da ita exFAT ko NTFS, sai dai a kwashe abin da ke ciki tukuna don gogewa zai yi.

Wani abu kuma da masu sayar da tele ba su cika faɗi ba. A inci 43, in ka zauna nesa da mita 2, idon mutum lafiyayye ba ya iya raba 4K da 1080p mai kyau, sai ka matso wajen mita ɗaya. Ku da kuke baza tabarma a ƙofar gida mutum goma sha, na baya yana can jikin babur, wa ke zama a mita ɗaya in ba mai dafa shayi ba?

TAMBAYA: Ni malamin makaranta ne mai ritaya a Birni, ina son tsofaffin fina-finan da muka gani muna samari. Ɗana ya kawo mini kwafi biyu na fim guda. Ɗaya hoton akwai wani yashi-yashi da ke motsi, ɗaya kuma sumul kamar an goge da tsumma. Shi ya ce sumul ɗin ne na asali. Ni kuwa fuskokin ba su kwanta mini ba.

AMSA: Ranka ya daɗe Malam, idonka bai yi ƙarya ba. Wannan ita ce gardamar da masu tara faifai a Turai da Amurka suka shekara da shekaru suna yi, har da zage-zage.

Tsofaffin fina-finan sinima a kan zaren fim mai faɗin milimita 35 aka ɗauke su, kuma hoton da ke jikin zaren daga ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa yake samuwa. Yashin da kake gani su ne. Wato ba datti ba ne ya hau hoton, da shi aka gina hoton, kamar yadda in ka matsa jikin ginin ƙasa na Birni za ka ga ƴan tsakuwa da ciyawa a cikin yaɓen. To wasu kamfanoni in za su fitar da tsohon fim a HD sai su ji tsoron masu saye za su ce hoton ba tsabta, sai su sa kwamfuta ta kankare yashin, ita kuma kwamfuta ba ta san bambancin yashi da ramukan fata ba, ko gashin gemu, ko saƙar riga, duk sai ta haɗa ta share. Misalin da kowa ke kawowa shi ne Predator na 1987, na Arnold Schwarzenegger wanda mu nan muka fi sani da Kwamando. Blu-ray ɗin da aka sake fitarwa a 2010 an goge shi har fuskar mutumin ta koma kamar ta ɗan tsana na roba, mutum yana cikin daji yana gumi amma kamar yanzu ya fito daga wajen kwalliya. Aka yi ta surutu, da aka fitar da na 4K a 2018 yashin ya dawo. Yanzu kuma rigimar ta koma kan masu sa basirar kwamfuta ta ƙirƙiro ƙyalli da layukan fuska da babu su a asali.

Ni dai ra'ayina, a bar fim da yashinshi. Amma kar in yi ma ɗanka rashin adalci, akwai kwafin da ba yashin asali ba ne, ƙazantar matsi ce kawai. Yadda za ka gane, ka tsayar da hoton a kan fuska. In kana ganin gashin gira ɗaya-ɗaya da zaren riga tare da yashin, mai kyau ne. In fuskar ta dagule kuma ga murabba'ai a gefe, wannan kwafin banza ne.

Af, tunda ana maganar tsofaffi. Fina-finan Hausa na shekarun 1990 da kyamarar bidiyo aka ɗauke su a kan kaset, ba a zaren sinima ba. Zaren 35 ana iya sake ɗaukar hotonshi a 4K a samu sabon abu, kaset kuwa abin da ya kama tun farko shi kenan. Duk wanda ya ce maka yana da su a 4K hura su kawai aka yi.

TAMBAYA: Malam ni matar aure ce a Sabon Gari. Tunda maigida ya canza tele, fim ɗin Indiya ya koma kamar wasan kwaikwayo da aka ɗauka a tsakar gida, mutane na zamewa sulul-sulul. Kuma akwai baƙi sama da ƙasa, yara sun ce ta lalace.

AMSA: Hajiya ba abin da ya lalace. Fim ɗin sinima hoto 24 ne a daƙiƙa, sabbin tele kuma suna ƙirƙiro wasu hotuna su cusa a tsakani don motsi ya yi santsi. A kallon ƙwallo yana da amfani, a fim kuwa shi ne wannan sulul-sulul ɗin. Har Tom Cruise sai da ya fito a bidiyo a 2018 yana roƙon mutane su kashe shi. Ki ɗauki komand (rimot) ki shiga wajen gyaran hoto, a Samsung sunan shi Auto Motion Plus, a LG TruMotion, a Sony Motionflow, sauran ma za ki ga kalma mai kama da haka, ki kashe. A wajen yanayin hoto ki fitar da tele ɗin daga Dynamique ki sa Cinéma, ki rage Netteté (kaifin hoto) sosai. Ranar farko za ki ga kamar hoton ya yi ja-ja ya dushe, ki ba shi kwana biyu ido ya saba.

Baƙin sama da ƙasa kuwa haka fim ɗin yake, an ɗauke shi da faɗi fiye da fuskar tele. In yara suka danna zum don ya cika, ana yanke gefe da gefe ne, sai a ga jaruma na magana da wanda rabin kanshi ke waje. Kuma in hazo ya sauko, ƙyalle mai laushi busasshe za a riƙa share fuskar da shi, tele a kashe, kar a fesa mata ruwa.