Ajina ya rabu kan ƙabalu da sadalu, me zan ce musu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da matan aure a wata Islamiyya a Zariya, akwai 'yan Izala, akwai 'yan ɗariƙa. Kwanan baya gardama ta kaure kan ƙabalu (kama hannu a salla) da sadalu (sakin hannu) har aka kusa ba hammata iska, suka ce in raba gardama. Ni ƙabalu nake yi, shi na gamsu da shi. In na yi shiru ina tsoron ɓoye ilimi, in na yi magana ina tsoron aji ya watse.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki yi shiru. Amma abin da za ki faɗa musu ya fi "ni ce da gaskiya" faɗi.

Dukkan ɓangarorin nan biyu a gidan Imamu Malik suke. Hadisin ɗora hannun dama kan hagu yana cikin Muwaɗɗa, littafin Malik, sakin hannu a sallar farilla kuwa riwayar Ibnul Ƙasim ce daga Malik a cikin Mudawwana, kuma ita malaman ƙasar Hausa suka daɗe a kai. A cikin mazhabobin Sunna huɗu, babu wadda ta ce sallar ɗayansu ta ɓaci. Ki kuma gaya musu wani abu da yawancinsu ba su sani ba: a Kano, cikin shekarun 1950, almajiran Shehu Ibrahim Inyass ne suka yi fice da ƙabalu, har ana tsangwamarsu a kai, tun kafin a kafa Izala a Jos a 1978. Abin da suke ɗauka tambarin ƙungiya, mas'ala ce ta fiƙihu da ta girmi ƙungiyoyin duka.

Ga awon da nake yi wa kaina, ki gwada. In kin tashi bayanin hujjar masu sadalu, ki kawo ta yadda mai sadalu za ta gyaɗa kai ta ce lallai haka malaminmu ya faɗa. Idan kika ji harshenki yana son rage mata ƙarfi, ko ƙirjinki ya yi zafi don wata ta ƙi komawa ra'ayinki, to ki tsaya ki binciki zuciyarki. Sau da yawa son a ce mun yi nasara yakan shigo mana cikin rigar kishin sunna, kuma na sha kama kaina a haka.

Malik da kansa, da halifan Abbasiyawa ya nemi tilasta wa jama'a bin Muwaɗɗa, ƙi ya yi, ya ce sahabbai sun bazu a garuruwa, kowane gari da abin da ya iske shi. Littafinsa ne fa. A tafiyar Banu Ƙuraiza ma, wasu sahabbai suka sallaci la'asar a hanya, wasu suka jira sai da suka isa, kowa da yadda ya fahimci umarnin Annabi (SAW) na kada a sallaci la'asar sai a can, shi kuwa bai zargi ko ɗaya ba.

Wannan ba yana nufin komai daidai ne ba. Wadda ba ta kai ruwa gwiwar hannu a alwala, ko ba ta natsuwa a ruku'u, ki gyara mata kai tsaye, cikin taushi, in da hali a keɓe. 

In an tambaye ki naki zaɓin, ki ce ƙabalu kike yi, ki kawo dalilinki, ki tsaya nan. Ki kuma tuna matan aure ne. Wata in ta koma gida da sabuwar salla ba tare da fahimta ba, rigima ce da maigida ko uwar miji, ke kuma ba kya nan.

A darasi na gaba ki ɗauko littattafan biyu, ki karanta musu wuraren da bakinki. In la'asar ta yi, ki jera su sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, kowa ta riƙe hannunta yadda ta saba.