Kafin ka ci bashin ƙaro kwamfutoci, a buɗe biyun da suka ƙone

Tambaya: Malam, ina da kwamfutocin tebur shida a shagon buga takardu, ɗan yayana ne ya haɗa min su. Cikin wata huɗu biyu sun yi hayaƙi, wayoyin ciki sun narke. Ya ce laifin wutar lantarki ne. Ina so in ci bashi in ƙaro goma don ribar ta rufe asarar. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, ajiye maganar bashi tukuna. Kashi ɗaya cikin uku na jarinka ya ƙone ba ka san dalili ba, kana lissafin ribar goma?

Kuskurenka ɗaya ne: wanda ya haɗa kayan shi ka bari ya yanke hukuncin abin da ya ƙona su, don kana jin nauyin yayanka. Ina rasidin kayan? Wane akwatin wuta ya sa a ciki, wato wanda ke karɓar lantarki daga soket ya rarraba wa sassan kwamfutar? Na tabbata ba ka tambaya ba.

Hawa da saukar lantarki yakan kashe akwatin wutar, amma idan waya ta narke a ciki, yawanci an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ne, ko mahaɗinta bai zauna daram ba. Mahaɗin SATA, wanda aka yi don ba ma'ajiyar bayanan kwamfuta wuta, ƙarfinsa bai wuce wat 54 a layin bolt 12 ba, sai a jona masa katin hoto (sashen da ke fitar da hoto a allon kwamfuta) mai neman wat 75 ko 150 ta wata 'yar waya mai araha. Akwati nagari yana yanke wuta da kansa idan wayoyi suka haɗu. Na bogi sai ya ci gaba da turawa har roba ta kama.

Na taɓa duba littafin wani mai irin sana'arka da ƙaninsa ya rage masa kuɗi kaɗan a akwatunan wuta. Kwamfuta ɗaya ta kama da wuta da dare, ta tafi da firinta da takardun mutane. Mako uku shagon na rufe, biyan masu takardu ya fi kuɗin kwamfutar ciwo.

Gobe ka kashe huɗun da suka rage, ka zare su daga soket. Kira mai gyaran da ba danginka ba, ka biya shi, ya buɗe shidan a gabanka, ya rubuta sunan kowane akwatin wuta da ƙarfinsa. Ɗan yayanka ya tsaya a wurin da rasidinsa a hannu. Idan huɗun sun yi wata shida lafiya, dawo mu yi maganar ƙaro biyu daga ribarka.