Wasan Minti Goma a Zango: Amsa Daga Nima

Yaya, ka tambaye ni abin da muke samu a wasan da yaro ɗaya zai tsaya gaban jama'a ya yi ta magana shi kaɗai, alhali finafinan Kano sun cika wayoyinmu. Ka kuma ce Hausar yaran ta yi maka banbarakwai a bidiyon da na turo. To, bari in warware maka yadda abin yake a nan.

Finafinan Kano muna kallo, kuma muna so. Sai dai labarin da ke cikinsu ba na yaron da aka haifa a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a Akara ba ne, ba kuma na ɗan Aboabo a Kumasi ba. Wannan yaron kakannin kakanninsa ne suka biyo hanyar fataucin goro ta Salaga, shi ko kasuwar Kurmi bai taɓa gani ba. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne ya je neman takardar ɗan ƙasa a tambaye shi asalin garinsu, ya ce Nima, a ce masa Nima ba asalin kowa ba ne. Ko kuma abokinsa da ya bi ta Agadas zuwa Libiya, shiru kake ji har yau. Idan bai rubuta wannan da hannunsa ba, wa zai rubuta masa?

Gajartar wasan kuwa, rashin kuɗi ne ya fara jawo ta. Hayar zaure a Akara ba ta sabon marubuci ba ce, kuma yawancin yaran suna da sana'a ko makaranta, ba za ka tara mutum goma kullum su yi gwaji ba. Mutum ɗaya da kujera ɗaya a farfajiyar makaranta sun isa. Amma takurar ta zama alheri, don wanda aka ba minti goma ba shi da wurin ɓuya. Ko dai yana da abin faɗa, ko jama'a su gane tun kafin ya yi nisa.

Akwai kuma abin da muka sha a ruwan ƙasar nan. Mutanen Gana sun daɗe da wasan dandamali. Tun wajejen 1930 'yan wasan konsat suke yawo gari gari da kiɗa da barkwanci, ɗan kallo kuma ba ya zama shiru, yana mayar da magana. Efua Sutherland, marubuciyar wasan kwaikwayo ta ƙasar nan, ta gina gidan wasanta a Akara, aka buɗe shi a 1961, ta ɗora salon wasanta a kan tatsuniyoyin Ananse, gizon Akan, inda ake katse labari da waƙa kowa ya amsa. A filin gidan nata ne daga baya aka gina babban gidan wasan ƙasa da aka buɗe a 1992, aka sake gina irin gidan nata a jami'ar Legon. Yaranmu a wannan gari suka tashi. Shi ya sa ka ji mata suna ta "Allah sarki" da "ƙarya kake" a tsakiyar bidiyon. A wurinmu wannan ba rashin ladabi ba ne. Wasan da aka kalla shiru kamar ana zaman makoki, marubucinsa ya san bai ci ba.

Wanda ya fi taɓa ni cikin na baya bayan nan, wata yarinya ce ta rubuta, ita kuma ta taka. Ta fito a matsayin tsohuwa a 1969, shekarar da gwamnatin Busia, firaministan Gana na lokacin, ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar. Tsohuwar tana tsugune tana sayar da tukwanenta da gadonta a wulaƙance, tana ciniki da maƙwabciyar da ba ma gani, wadda suka yi shekaru suna ba juna gishiri da wuta. Ba ta zagi kowa ba, ba ta yi jawabi ba. Farashi kawai take ragewa, muryarta na raguwa tare da shi. Dattawan da abin ya faru a kan idonsu sun kasa ɗaga kai. Yarinyar ba ta ga zamanin ba, daga bakin kakarta ta kwaso, kuma ta san abin da ya kamata ta bari ba a faɗa ba. Da wannan nake gane marubucin da zai yi nisa.

Ba duka ne suke kai wa nan ba, gaskiya. Da yawa sukan fara da kyau, sai a ƙarshe ɗan wasan ya juyo ya yi mana wa'azi a kan shaye-shaye ko tarbiyya, kamar bai yarda mun fahimci abin da muka gani ba. Al'adarmu ita ce a yi wa yaro liƙi a gaban jama'a, gyara kuma sai an watse, a gefe. Nakan ce musu su yanke sakin ƙarshe su gani ko wasan zai faɗi. Galibi ba ya faɗuwa.

Batun harshe kuwa, Yaya, kada ka auna su da ma'aunin Kano. Hausar Zango ta yi fiye da shekara ɗari tana zaune da Tuwi da Ga da Turanci, ta sauke wasu abubuwa, ta ɗauki wasu. Da yarinyar nan ta ari bakin 'yan fim ta sa wa tsohuwarta, da ba wanda ya ga kakarsa a jikinta.

Ina da roƙo. Yaran nan ba su san tashe ba sai a labari, kuma na tabbata akwai abin da za su koya daga yadda yaranku ke kwaikwayon mutum a ƙofar gida cikin ɗan lokaci. In azumi ya kai goma, ka ɗaukar mini biyu ko uku ka turo, tare da bayanin abin da kowanne ke nufi. A gaida Inna da yara.