Mashin ɗina da ni duk muna galabaita a zafin nan, me zan yi?

Tambaya: Salam oga, kullum daga Rigasa nake zuwa aiki Kawo a kan Boxer, tunda bazara ta shigo in na faɗa gosulo mashin sai ya rage ƙarfi yana warin ƙuna, nakan sayi fiya wata in watsa ma injin, ni kuma na daina sa hular kwano saboda jiri. Daidai nake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya duka biyun ka yi su a baibai, ruwan nan da kake watsa ma injin cikinka ya kamata ya shiga.

Boxer ba ta da lagireto, iska ce ke sanyaya ta, shi ya sa ka ga waɗannan layukan ƙarfen a jikin silinda, to in ka tsaya cak a gosulo babu iskar, ga zafin kwalta daga ƙasa ga salansar motar gabanka, dole injin ya yi laushi. Ka sheƙa masa ruwan sanyi yana wannan halin ƙarfen zai iya tsagewa ko ya lanƙwashe, wallahi na sha kwance irinsu a gareji, mai shi yana rantsuwa wai shi taimakon injin yake. In layin motocin ba ya motsi kashe injin kawai. Duba baƙin mai duk safiya, ka riƙa sa mai lamba 20W-50 mai kyau ba na kwalba a bakin titi ba, kuma in injin ya huce ka wanke laka da maiƙon da suka toshe layukan nan. Iskar taya da safe ake aunawa, kar mai faci ya rage maka da rana don ya ga ta hau, kuma kar a cika tanki har baki, fetur na kumbura a rana.

Jirin kuwa ya fi damuna. A Maris da Afrilu zafin Kaduna kan wuce digiri 35, iskar da ke dukanka a lokacin ba sanyi take ba ka ba, busar da gumin take tun kafin ka ji shi, sai ruwan jikinka ya ƙare ba ka sani ba. Mayar da hular, rana a tsakar ka ta fi ta illa balle faɗuwa. Sa riga mai dogon hannu mai haske ka ɗan jiƙa ta kafin ka tashi, ka sha ruwa tun ba ka ji ƙishi ba, fitsari in ya yi ja to ka makara. Ranar da ka yi gumi sosai juye fiya wata biyu, lita ɗaya kenan, ka sa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, ka sha.

In kana azumi ka kauce ma tsakanin 12 da 4 in da hali. In kuma jirin ya zo da ciwon kai ko amai ka faka a inuwa nan take, kar ka ce bari in ƙarasa Kawo. Wanda ya fara sambatu kuwa a jiƙa shi da ruwa a yi asibiti da shi.