Amsa ga Yaya Hajiya kan zaga ƙauyukan Italiya

Salamu alaikum jama'ar gida. Yaya Hajiya, na ji saƙonki. Kin ce Alhaji yana da taro a birnin Firenze (Florence), kuna so ku ƙara kwanaki ku zaga ƙauyukan Toskana, yankin da birnin yake, amma duk tallar da kika gani ta gonakin inabi ce da ɗanɗana giya. Ni dai na gane tambayar: musulmi zai samu abin sa wa a baki ko kuwa? To kwantar da hankalinki, za ki ci har ki ture.

Giyar da ke cikin kofi ba ta dame ni ba, kina ganinta ki ce a'a, ba mai matsa miki. Ta cikin tukunya ita ce abin tsoro. Risotto, shinkafarsu ɗin nan, yawanci sai an zuba mata farar giya tana kan wuta. Miyar naman da ake sa wa taliya, ragù, sau da yawa da alade a ciki. Sai kuma kitsen alade, strutto suke ce masa, har piadina, gurasar mutanen Romagna, asali da shi ake kwaɓa ta. Ki riƙa tambaya, kar ki ji kunya.

Wallahi har yau abin da aka yi min a wani gidan gona, irin masaukin da suke kira agriturismo, yana ci min rai. Tun a waya na ce ba na cin alade. Tsohuwar gidan ta kawo miyar wake tana tururi, ta ce ba nama. Ina juya cokali sai ga fatar alade ta taso, tsinken gashi ma bai gama fita ba. Na yi magana, ta ce ai wannan ba nama ba ne, don ɗanɗano ne! Ba mugunta ba ce, na sani, haka ta gada. Amma ai na faɗa, kuma na biya. Ga shi a ƙauye wajen biyu da rabi an rufe kicin, sai bakwai da rabi na dare. Haka na wuni da busasshen burodi, burodin Toskana kuma ko gishiri ba a sa masa... bar shi dai.

Lokacin tafiya, in da hali ku bar Satumba, wannan na tsinkar inabi ne. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ake girbin zaitun. Ku je inda ake matsa shi, za a gasa miki burodi, a goga tafarnuwa, a kwarara sabon mai, kore shar, yana ɗan ƙona maƙogwaro. Wannan kaɗai ya isa dalilin tafiya. A garin Pienza, cikin kwarin Val d'Orcia da hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2004, akwai cukun madarar tumaki, pecorino. Ga pappa al pomodoro, tumatir da burodi da man zaitun. Ita ma dai ki tambayi da wane romo aka yi ta.

Nama kuwa ku saya a mahautar musulmi a Firenze tun kafin ku fita, ku kama masauki mai kicin. Kuma ku yi hayar mota, bas ɗin ƙauye ran Lahadi sai dai haƙuri. Zancen masauki Alhaji ya kira ni bayan isha'i.